Arzika Lamba Ɗaya

Mutanen garin Gulma in suna ba da labarin nan, gishiri suke zuba masa har ya fi ƙarfin miya. Gaskiyar magana ita ce, Arzika mutum ne mai hangen nesa da Allah Ya jefo cikin mutanen da ba su hango ko bakin gulbi. Haka dai shi yake faɗa, kuma tunda a kansa abin ya faru, ai ya fi kowa sani.

A shekarun farko da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ba abin da ya kai taro yawa a Birnin Kebbi. Yau taron lafiya, gobe taron ruwan sha, jibi taron yadda za a shirya taro. Arzika ya shiga birni ne sayen bakin galma, sai ya ga ana ta ɗurawa cikin wani babban ɗaki, wanda duk ya leƙo waje da kwalbar lemo a hannunsa. Ya gyara zaman hula, ya bi sahu. Mai tsaron ƙofa ya tambaye shi daga ina, ya ce wakilin manoman fadama ne. Ba ƙarya ya yi ba. Ba a dai aiko shi ba ne.

A ciki wani mai tabarau ke bayani. Ya ce a wasu ƙasashe, in mutum ya ƙirƙiro sabon iri, irin ya zama nasa shi kaɗai kamar jakinsa, ba mai shukawa sai da izininsa. Ya ce akwai ma irin masara na kamfani, mai jar hoda a jiki, wanda in ka shuka bana ya yi kyau, in ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa baɗi sai su ba ka kunya, dole ka koma wurin mai shi. Daga nan ya ɗaga yatsa, ya rage murya, ya ce, "To, amma ga inda haɗarin yake ga manomanmu."

Daidai nan aka shigo da tiren shinkafa da nama ta ƙofar baya. Arzika kuwa mutum ne mai girmama abinci. Haɗarin dai har yau bai ji shi ba.

Da motar hayar da ya shiga ta bi ta unguwar Gesse a hanyar komawa, inda ake ta gina sababbin gidaje, ya leƙa ta taga ya zaɓi nasa, wani mai shuɗiyar ƙofa.

Shinkafar da duk fadamarsu ke shukawa ana ce mata Bi-ruwa. Yafa ta ake yi a busasshiyar ƙasa, ruwan sama ya taɓa ta ta tsiro, in gulbi ya cika ya malalo fadama sai ta yi ta miƙa wuya, ruwa na hawa tana hawa. Wanda tasa ba ta tsaya da ƙafarta ba kafin gulbi ya iso, shekararsa ta tafi ke nan. Kuma tun kaka da kakanni ba a sayar da irinta, ba a kuma hana shi. Wanda ya rasa, ya ɗauki ƙwarya ya yi sallama gidan maƙwabci.

Washegari bayan la'asar, jama'a na zaune gindin tsamiyar ƙofar masallaci, Arzika ya miƙe ya yi gyaran murya. Da Hausar rediyo ya yi magana, domin sha'anin ya wuce na ƙauye.

"Jama'a, ana sanar da ku cewa daga yau duk wanda zai yafa Bi-ruwa sai ya nemi izinina. Kakana ne ya kawo ta garin nan."

Tamba, taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa, ya cire asuwaki daga baki ya ce, "Kakanka wane? Wanda yah haihi uwata, ko kana da wani ɓoye cikin ruhewa?"

"Kai ɗan mace ne. Rabin gona za ka yafa."

"Tau, rabin da za ni bari, kai ka ciyar da shi?"

Kafin Arzika ya samo amsa, sai Inno, tsohuwar da ke sayar da daddawa a gefen tsamiyar, ta ɗago kai. Haƙoranta sun ƙare amma harshenta ko tsatsa bai yi ba.

"Kai Arzika, kakan naka da ƙwarya yaz zo gidanmu yar roƙe ta, ina 'yar yarinya ina kallo. Ƙwaryar ma bai maido ba. In gado kaka biɗa, hwara da maido muna ƙwaryarmu."

Aka kwashe da dariya, har liman ya juya baya yana tari. Arzika ya kaɗe riga ya tafi. Hassada ce, ba komai ba. Kowane babban mutum da haka ya fara.

A gida ya zauna ya tuno maganar mai tabarau, sai ya gane inda ya yi kuskure. Sabon iri aka ce, ba tsoho ba. To, da me irin kamfani ya fi na kowa? Ja ne, kuma 'ya'yansa ba su haihuwa. Ja dai ba wuya, ga karan dafi nan da ake rina fata da shi. Na biyun ne ya so ya ɗaure masa kai, har idonsa ya faɗa kan matarsa Laure tana aikin gumi, wato tana turara shinkafa da ɓawonta a cikin duro kafin a shanya a sussuka. Ko yaron goye ya san gumi ba ya tsiro. Nan Arzika ya buga cinya. In cikakkiyar turara na kashe ƙwaya, ai rabin turara jikoki kaɗai za ta kashe. Uwa ta tsiro, ta haihu, 'ya'yanta su tashi ba haihuwa. Baɗi kowa ya ɗauko ƙwarya, ya yi layi a ƙofar gidan Arzika.

Ya bayyana wa Laure. Ta tsaya da muciya a hannu tana dubansa.

"Malam, shinkahwa in ta ji wuta, ta ji wuta."

"Ke turarar ci kika sani. Wannan turarar ilimi ce."

"Ilimin ina kak karanto shi?"

"Birnin Kebbi."

"Wuni guda?"

"Wani ya shekara da shekaru a makaranta bai gane abin da na gane kafin a kawo abinci ba."

"Tau, durona dai ba shi karatu. Kak ka taɓa min shi."

Mutum mai haƙuri ne Arzika. Ya jira har ranar da ta tafi biki Augie. Tana juya baya ya hau rufewa, wato rumbunsu na ƙasa, ya kwaso irin da suka ajiye tun kakar bara, bai bar ko na tsuntsu ba. Ya jiƙa shi da ruwan karan dafi, yana cuɗawa da hannu har gwiwa, ya ɗora duro, ya haɗa wuta irin ta gasa bijimi. Da ya leƙa don ya ga ko an kai rabi, tururi ya tsarge shi, ya ja baya, harshen wuta ya lashe masa gemu ɓangare guda. Bai damu ba. Ba a ƙera abu sai da ƙuna.

Yana shirin saukewa ke nan sai ya ji sallama a zaure. Ummaru ne maƙwabcinsa, mutumin da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi lafiyar kowace akuya da sunanta. Kuma ba a katse gaisuwar maƙwabci, ko da gida na ci da wuta.

"Ina kwana? Ina gajiya? Ina iyali? Ina ƙurar hanya ta birni?"

"Lafiya lau, lafiya lau, madalla, sai an jima."

"Ina tsohuwar jakar ga taka mai ɗingishi? Ta samu sauƙi? Ina ɗiyanta?"

Har Ummaru ya kai ga lafiyar surukan Arzika na Augie, sannan ya ɗaga hanci ya ce, "Halan suna aka yi gidan ga ba a gaya muna ba?"

Arzika ya ruga ciki. Duro na ta huci, ƙamshi ya cika unguwa. Ya sauke, ya dubi abin da kyau, ya yanke hukunci cewa rabi ne da ɗan ƙari. Ɗan ƙarin ma alheri ne, har tattaɓa-kunne ya kashe.

Ya shanya a tabarmi, ta bushe jawur, gwanin kyau. Ya sa mata suna Arzika Lamba Ɗaya, domin ya lura duk irin kirki da lamba yake zuwa.

Da Laure ta dawo, ta dubi gemun, ta dubi hannayen da suka yi ja kamar na amarya. Sai ta leƙa rufewa, ta ga wayam. Ta sauko, ta nemi turmi ta zauna a kai.

"Malam, mi za mu yahwa?"

"Arziki za mu yafa."

"In bai hito ba, mi za mu ci?"

"Ke dai fara tunanin labulen da za ki sa a Gesse."

Ranar rabo, ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, ya tara Lamba Ɗaya tsibi guda. Ya sanar cewa bana kyauta ce, domin kamfani ma da kyauta yake fara kama mutum. Baɗi kuwa, kowa ya san gidan.

Tamba ya fara isowa. "Barka da shan lalle, ango. Wace mai tsautsayin ce?"

"Ka ɗiba ko ka ba mutane wuri."

Tamba ya ɗauki ƙwaya guda, ya ɓare, ya ɗaga ta a rana, ya sa a haƙori. Ya tauna a hankali. Ya dubi Ummaru, ya miƙa masa wata. Ummaru ya ciza, ya dubi na kusa da shi. Haka ƙwaya ta yi ta zagayawa, fuskoki suna ta yin nauyi kamar a wurin ta'aziyya.

"Taubashi," in ji Tamba a hankali, "ashe haka Allah Yay yi ma baiwa muna raina ka? Ƙwaryata ta yi kaɗan. Bari in ɗauko buhu."

Abin da ya biyo baya ko a Birnin Kebbi ba a taɓa ganin irinsa ba. Wanda ya ɗiba da safe ya dawo da yamma, ya ce gonarsa ta ƙara faɗi. Mutanen da ba su da ko taki ɗaya a fadama suka zo neman iri. Wanzami ya zo, mahauci ya zo, har Inno ta kawo tsohuwar tasa ta ce a cika mata. Arzika ya so ya tuna mata maganar ƙwarya, amma babba ba ya ramuwa. In ya ratsa gari sai ka ji ana "Mai Iri! Mai Iri!" yana ɗaga jan hannu yana amsawa. Da kyar ya tsirar da abin da zai yafa a tasa gonar.

Ruwa ya sauka, aka yi yafi. Ba a jima ba fadama ta yi kore shar, tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya. Gona ɗaya ce kawai ta zauna baƙa ƙirin a tsakiya kamar giɓin haƙori.

"Malam, ba ta hito ba," in ji Laure.

"Babban mutum ba ya riga kowa isowa wurin taro."

Aka sake ruwa. Ta sake faɗa masa. Ya tona ƙasa, ya ciro ƙwaya ta ruɓe tana tsami, ya sansana, ya ce ƙarfi take tarawa. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne gonakin maƙwabta. Ga Lamba Ɗaya nan ta fito a gonar Tamba, ta fito a ta Ummaru, kamar a yi mata kirari. Matsalar ƙasarsa ce, ko kuma baki, domin wanda ya ɗaukaka ba ya rasa magauta. Abin da ya rage shi ne hukuma ta zo ta gani da idonta, a tabbatar masa da irinsa kafin wani ɗan mace ya ce da shi aka ƙera.

Ya zuba babbar rigarsa ta salla ya tafi Argungu, ya samu wani malamin gona, Malam Abdussamadu, mutum mai sanyin hali. Ya yi masa bayani da Hausar rediyo, ya tsallake zancen duro domin sirrin kamfani ne. Malamin ya ce bai taɓa jin manomi ya ƙera iri cikin rani ɗaya ba, lalle sai ya gani. Ya goyo Arzika a babur. Arzika kuwa tun kafin ya bar gida ya baza labari, don haka suka tarar da gari kaf a bakin fadama, har da maroƙi yana kwarara murya: "Mai Iri uban iri! Ja-hannu maganin yunwa!"

Arzika ya ja baƙonsa kai tsaye zuwa gonar Tamba, ya buɗe hannayen riga. "Malam, ga ta nan. Ido ba mudu ba."

Malam Abdussamadu ya tsuguna, ya tuge tsiro ɗaya, ya juya shi. "Ikon Allah. Sai ka ce Bi-ruwa."

"Kama ce. Ɗa yakan ɗauko kakansa."

"Wane ne mai gonar?"

Aka turo Tamba gaba, yana sosa ƙeya.

"Malam, irin da wannan bawan Allah ya ba ka, shi ne wannan?"

"Ranka shi daɗe, ni ba ni ƙarya gaban baƙo. Wagga Bi-ruwa ta, ta kakanmu."

Arzika ya juyo. "To, tawa fa? Buhun da ka ɗauka?"

"Mun ci."

"Kun me?"

"Mun ci, taubashi. Da miyar kuka munka hwara, daga baya munka gane ta hi son wake."

Kamar an ɓalle bakin madatsa. Wanzami ya ce su masa suka yi da tasu. Mahauci ya ce dafa-duka. Inno ta ce ita kunu ta dama, domin ba ta da abin tauna, kuma Allah Ya yi wa mai turarar albarka, bai bar mata aiki ba.

Arzika ya nemo Ummaru da ido. "Har kai, maƙwabci?"

"Ai kai ma ka ci," in ji Ummaru. "Tuwon sunan ɗiyata. Malmala ukku kat tashi da ita, kac ce ba ka taɓa cin shinkahwa irinta ba, har kat tambaye ni inda nis samo."

"Ka ce min daga hannun wani gwani ta fito!"

"Tau, na yi ƙarya?"

Maroƙi ya rasa abin yi, sai ya ci gaba da "maganin yunwa, maganin yunwa," domin yanzu ne ma kirarin ya zauna daidai.

Malam Abdussamadu ya roƙi a nuna masa irin. Arzika ya zaro 'yan ƙwayoyi daga aljihu. Malamin ya ɓare ɗaya ya ciza.

"Malam Arzika, wannan ai an dafa ta."

"Rabi!"

"Rabi ina," in ji Inno, "ta nuna har cibiya."

Malamin ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ce a kai shi gonar mai irin. Aka ɗunguma ana dariya, har aka iso.

Nan dariyar ta mutu. Gona shimfiɗe ba ko tsinke, agwagin unguwa suna kiwo a ciki sun yi ɓul-ɓul. Laure na tsaye a bakin iyaka ta harɗe hannu. Can ƙarshen gonar kuwa, wajen gangare, wani abu na ƙyalli a rana. Gulbi ya fara leƙowa. Ko an samu iri yanzu, lokacin yafi ya wuce. Kowa a wurin ya san abin da wannan ke nufi ga gidan da rufewarsa ke wayam.

Inno ce ta ɗaga murya. "Mi kuka kallo? Kun ci tuwon mutum kuna kallon gonarshi? Kowa shi tahi shi rage tashi, a kawo dashe."

Kafin ka ce kwabo fadama ta cika da mutane a duƙe, kowa na tugo tsiro daga inda tasa ta yi cunkoso, ana ɗaurawa ana kawowa. Abin da ya fi ƙona wa Arzika rai shi ne ba wanda ya nemi komai, ba wanda ya ce sai an roƙe shi. Ka tanadi fushi, a hana ka wurin sauke shi, ai wannan ma wani zalunci ne.

Ya ga dai bai kamata a yi aiki ba shugaba. Ya hau kan kunyar iyaka, ya tattare rigar salla, ya fara nuni da yatsa. "Ku jera su a layi! Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba! Kai, matsa dama!" Ya matsa don ya nuna inda damar take, ƙasa ta zame, ya tafi da baya cikin caɓi har wuya. Agwagi suka watse. Hula ta kama hanyar gulbi.

Tamba ya jawo shi, ya danƙa masa damin tsiro a hannu. "Tunda ka sauko, bismilla."

Suka jera suna dashe kafaɗa da kafaɗa, laka na ɗiga daga rabin gemun Arzika. Can Tamba ya ce, "Taubashi, in Allah Ya kai mu kaka, ka daure ka ƙero muna Lamba Biyu. Yara sun saba."

Arzika ya yi niyyar ya tura masa kai cikin caɓi. Amma wata tambaya ta riga hannunsa.

"Tsakaninka da Allah, ta yi daɗi?"

"Wallahi ko gumin Laure bai kama ƙahwarta ba."

Arzika ya miƙe zumbur. Can bakin hanya Malam Abdussamadu na ta fama da tayar da babur.

"Malam! Malam, dakata! Ka ji da kunnenka! A faɗa wa hukuma, duk jihar nan ba a taɓa..."

"Duƙa, Malam," in ji Laure daga bayansa. "Ruwa na zuwa."

Ya waiga ya dubi gangare. Ya duƙa.